Ranar da Na Hau Dandamalin 'Yan Kiɗan Rok a Annandale

Ko zan manta da komai na zamanmu a Amurka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na hau dandamalin 'yan kiɗan rok ba, wannan kiɗan Turawa mai ƙara da ihu, da gyalena da takalmin asibiti. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, duk yadda na jera masu laifi a raina, sai na tarar ni ce a kan gaba.

Ni nas ce, 'yar Zariya, muna zaune a Gaithersburg ta jihar Maryland da maigidana, wanda nake kira Malam saboda koyarwa yake yi a jami'a. Autanmu Nasiru shi ne mafarin komai. Yaron nan tun yana rarrafe bai bar murfin tukunya ya huta ba. Da ya shiga sakandare sai Malam ya saya masa gangunan Turawa, irin masu fayafayan ƙarfe a gefe, aka jibge su a ɗakin ƙasa. Na ce ban yarda ba. Malam ya ce, "Ki bar shi, Maman Hadiza, ai ya fi yawon banza." Na bar shi. (Duk wata masifa da ta taɓa samuna a gidan nan da "ki bar shi" ta fara.)

Ya shiga jami'a yana karatun injiniya, na ce alhamdulillahi, ƙuruciya ta wuce. Da hutun zafi ya zo sai ya ce mini sun sami aiki shi da abokansa, na ɗaukar kaya daga gari zuwa gari. Na yi murna, na sa masa albarka, har na kwana biyu ina dakan dambun nama don kada yarona ya ci abin da bai dace ba a hanya.

Wata Asabar ina shirin tashi daga aiki sai ga wayar Hajiya Rabi, wata 'yar garinmu da ke Beltsville. Matar nan ba ta kiran mutum sai da dalili, kuma dalilin bai taɓa zama alheri ba.

"Maman Hadiza, ashe Nasiru ya zama tauraro ba ki gaya mana ba? Allah ya sanya albarka."

Na ce tauraron me? Ta yi dariyar nan tata ta ƙasan maƙogwaro, ta zayyana mini komai. 'Yarta ce ta nuna mata a waya. Su huɗu ne, sun kafa ƙungiyar kiɗan rok, Nasiru ne mai ganga. Sun yi wasa a Baltimore, sun yi a Philadelphia, sun yi a Richmond, kuma yau da la'asar za su rufe rangadin a wani zaure a Annandale, can jihar Virginia. Kayan da yake ɗauka daga gari zuwa gari, ashe gangunansa ne.

"Wai ma na ji ya jingine karatun zango mai zuwa," in ji ta. "Amma ai ku kuka fi sani."

Na kira Malam. Ya ce, "Da ma ina neman lokacin da za mu yi maganar." Wato ya sani. Tun farko ya sani, yana kallona ina dakan nama.

Ko kayan aiki ban cire ba, na yafa gyale na shiga mota. Cunkoson hanyar Virginia ya ba ni lokacin da na tsara jawabina tsaf. Zan shiga cikin mutunci, in yafito shi da hannu, in ce masa ya wuce mu tafi gida, sauran magana sai mun rufe ƙofa. Allah ya sani wannan ce niyyata.

Zauren wani tsohon gini ne a bayan shaguna. A waje rana tau, a ciki duhu kamar an ɗauke wuta. Wata yarinya mai koren gashi a bakin ƙofa ta buɗe baki za ta tambaye ni tikiti, ta dubi fuskata, ta matsa gefe. Ƙarar da ta tarye ni ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta. Samari da 'yammata suna tsalle suna bangazar juna kamar an saki awaki daga turke. A kan dandamali wani Bature mai gashi har kafaɗa yana kurma ihu kamar ana cire masa haƙori ba allura. Can bayansa kuma ga ɗana, ba riga, gumi na zuba, ido a rufe, yana jibgar ganguna. Yaron da na sha kai wa Islamiyya cikin dusar ƙanƙara.

A gefen dandamalin akwai wata Baturiya sa'ata, riƙe da ƙaramar kyamarar bidiyo, sai washe baki take yi. Linda ke nan, uwar mai ihun. Daga baya na ji ashe duk garin da suka je tana biye da su a motarta tana ɗaukar su, wai don tarihi. Tana ganina ta gane ni, ta ce da Turanci, "Ke ce maman Naz!" ta juyo kyamarar kaina.

Naz. Sunan da muka yanka wa rago.

Ban san lokacin da na hau matakalar ba. Na kira shi, bai ji ba. Na ƙara kira, bai ji ba. Mai ihun ya gan ni, ya ja da baya a tsorace, ya bar makirfo a kan sandarsa. Ni kuwa na cafke shi, ba don komai ba sai don yaron ya ji ni.

Na ce, "Nasiru, sauko."

Muryata ta fito ta lasifika kamar aradu. Ya buɗe ido, ya gan ni, amma hannuwansa ba su tsaya ba. (Ya ce wai tsoro ne ya sa suka ci gaba da kansu. Har yau ban gama yarda ba.) Na sake cewa "sauko", sai kawai na ji zauren gaba ɗaya ya amsa, "Sauko! Sauko!" Sun zaci baƙuwar mawaƙiya aka gayyato.

Na juya na ce musu, "Ku yi mini shiru, marasa kunya." Suka ɗauki shewa. Mai jita, wanda da ya tsaya, ya ga abin ya karɓu, ya ci gaba da kaɗawa. A nan ne idona ya rufe. Na ce tunda ba mai jin Hausa a nan sai shi, bari in amayar da duk abin da ke cikina. Na yi faɗa har muryata ta dishe, kuma wallahi da na sauko ban iya tuna rabin abin da na faɗa ba.

Nasiru ya ajiye sandunansa, ya tashi, ya fice ta ƙofar baya bai waiwayo ba. Jama'a suka yi ta tafi. Wani mai zobe a hanci ya tare ni wai mu ɗauki hoto. Ni kaɗai na koma gida. Yaron bai dawo ba, ya tare a gidan su mai ihun, in na kira ba ya ɗauka. Ni da Malam kuma sai gaisuwa, ita ma a daƙile.

A lokacin na ɗauka wannan ita ce kunyar. Ashe somin taɓi ne.

Ana cikin haka sai Yaya Asabe ta iso daga Kano don a duba mata ido. Ita ce yayar Malam, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a wurina suruka ce cikakkiya. Muka binne rigimar, muka shirya mata liyafar maraba ranar Lahadi. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe, aka gayyaci 'yan garinmu, har da Hajiya Rabi, don in ba a gayyace ta ba ma za ta zo. Malam ya kira Nasiru ya ce dole ya zo ya gai da goggonsa.

Ya zo. Linda ce ta kawo shi, kuma maimakon ta ajiye shi ta juya, sai ta shigo da kek a hannu ɗaya, kyamara a ɗayan. Ta ce ta gama haɗa bidiyon rangadin, tana so iyali su fara gani. Nasiru ya ce mata ba yanzu ba. Ni ma na ce ba yanzu ba. Yaya Asabe ta ce, "Me Baturiyar take cewa?"

Kafin in ƙirƙiro wata ƙarya Hajiya Rabi ta yi caraf ta fassara, har da ƙari.

"To, a sa mu gani mana," in ji Yaya. "Ai ɗana ne."

A gidanmu ba a musa wa Yaya Asabe. Aka jona kyamara da talabijin.

Farkon bidiyon ba laifi. Hoto yana ta rawa, ga su a mota, ga su a gidan mai, ga su suna barci baki buɗe. Ga su suna wasa a wani gari gaban mutanen da ba su cika tabarma biyu ba. Har da inda mai ihun yake cusa dambun namana cikin burodi yana lumshe ido. Baƙi suna dariya, Yaya tana cewa, "Kai, yaron nan da ƙarfin hannu yake." Na fara sakin jiki, ina fatan Linda ta yi hankali ta yanke ƙarshen.

Ba ta yanke ba. Ta ma matso da hoton kusa. Ga ni nan na cika talabijin, gyale ya zame, jijiyar wuya ta tashi, muryata kuwa tar kamar a gidan rediyo:

"Ni ban ga laifinka ba, gado ne. Dangin ubanka kaf babu mai nutsuwa. Ubanka munafuki, ya sani ya yi shiru. Goggonka Asabe kuwa, ko ƙarar turmi ta ji sai ta taka rawa, da tsufanta. Asabe fa nake gaya maka, Asabe."

Sai zauren Annandale ya ɗauka baki ɗaya, ana tsalle ana ɗaga hannu, "Asabe! Asabe! Asabe!"

A falona kuwa, mijin Hajiya Rabi ya tsaya da loma a hannu. Malam ya ƙura wa kafet ido kamar yau ya fara ganinsa. Linda kaɗai ke tafi, tana cewa nan ne wurin da ta fi so a duk bidiyon, ta juyo ta tambaye ni mene ne ma'anar "Asabe", ko wata kalmar 'yanci ce a yarenmu.

"Me Baturiyar ta ce?" in ji Yaya.

Hajiya Rabi ta fassara. (Matar nan da ta yi wannan himmar a makaranta da yanzu tana tafinta a manyan taruka.)

Yaya ta gyara zama. "Ki ce mata ga Asaben nan zaune." Sannan ta dubi Nasiru. "Mayar da shi baya. Idona ne ke da matsala, kunnena lafiya lau, amma ina so in tabbatar."

Aka mayar. Muka sake saurara daga farko, ni da gumi har cikin takalmi. A karo na biyun, don in kauce wa kallon kaina, sai na kalli bayan hoton, inda Nasiru yake. Ban taɓa ganin fuskar yarona haka ba. Yana duban abokansa, yana dubana, kamar wanda aka tuɓe a kasuwa. Ranar da na yi abin ban ga wannan ba, don ban dube shi ba ma, faɗana kawai nake ji.

Na sauko daga kujera na durƙusa gaban Yaya a gaban kowa. Na ce, "Yaya, ki yafe mini, ɓacin rai ne."

Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi, sannan ta ce, "Tashi. Munafuncin ƙanena ban musa ba, ni na raine shi. Rawa ma ina takawa, amma a tsakar gida, cikin mata. Ban taɓa hawa dandamali ba. Kuma ki dubi ƙafarki a hoton nan."

Na duba. Ƙafata ta dama, cikin farin takalmin asibiti, tana dukan ƙasa daidai da gangar, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba.

Hajiya Rabi ta ce tari ne ya kama ta, ta fita waje. Muna jin tarin har daga bakin mota.

Bayan baƙi sun watse Yaya ta kira Nasiru gefe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya koma makaranta ya gama abin da ya fara, gangarsa kuma ya buga ta ranar da babu karatu. Ya ce to. Haka kawai. Abin da na keta Maryland da Virginia ina tsara wa jawabi, ta gama shi tana sakace.

Ni da shi kuwa sai da muka daɗe. Na yi ta kai masa tuwo ɗakin kwanansa na jami'a, yana karɓa yana cewa ya gode kamar baƙo. Ranar da ya sauko, da gurguwar Hausarsa ya ce, "Mama, da kin tambaye ni, da na gaya miki." Na ce ƙarya kake yi. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, ƙarya yake yi. Muka shirya.

Har yanzu ina jin haushin Malam, ina jin haushin Hajiya Rabi, ina jin haushin Linda da kyamararta. Yaya Asabe ta tafi Kano da nata kwafin, kuma na ji duk bikin da aka yi a danginsu sai an sa shi bayan an ci abinci. Yaran gidan in na buga waya sai in ji suna raɗa, "Mawaƙiyar ce."

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba. Mu da ke zaune a ƙasar nan mun saba ɗaukar Hausa kamar uwar ɗaka, mu shige mu faɗi abin da muka ga dama a tsakiyar Turawa. To, kyamara ba ta jin Hausa, amma tana kai saƙo wurin masu ji. Yanzu in zagin dangin miji ya taso mini, mota nake shiga, in ɗaga gilashi, in kashe waya, sannan in duba kujerar baya.