Rasuwar Aku, Rediyon Shagon Guga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau suka ƙi sabawa da shiru, mai guga na shagon ƙarƙashin bene yake sanar da maƙwabta, da abokan ciniki, da duk wanda ya taɓa kawo masa ko da hankici ne, rasuwar abokiyar zamansa, rediyonsa, wadda aka fi sani da Aku. Ta rasu a kan teburin guga, a hannun mai ita, bayan gajeriyar jinya da dogon tsufa. Ba ta bar wasiyya ba, abin da ya ba kowa mamaki, ganin cewa tunda aka san ta ba ta taɓa rasa abin faɗa ba.

Babu wanda zai iya rantsuwa a kan shekarunta. An dai san ta girmi fentin shagon, kuma a gabanta dutsen guga ya mutu aka sake wani, shi ma ya bi sahu. Baƙa ce, gajera, mai faɗin ƙirji. Maɗaukinta ya tsinke tun tuni aka ɗaure da guntun igiyar shanya. Da eriyarta ta karye, mai guga ya miƙar da wata hangar ƙarfe ta rataye riga ya soka mata, ta karɓa ba ƙorafi. Mazauninta kantar da ke saman teburi, tsakanin robar sitaci da kwalbar yayyafa ruwa, inda ta sha tururin da zai ishi wani ya yi murabus.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da kyawun hali. Ba ta fara magana sai ta yi gyaran murya, "Kkhhh… kkhhh… shhh," sannan ta ce, "Masu sauraro, barkanmu da warhaka." Ta ga abin da ake mantawa a aljihunan mutane, ba ta taɓa kai shi gaba ba. Ba ta taɓa tambayar mai guga me ya sa yake cin abincinsa a tsaye ba, ko me ya sa yake jinkirin rufe shago alhali aiki ya ƙare. Aibinta ɗaya ne, kuma ba za a ɓoye shi don ta mutu ba: ba ta magana tar sai an riƙe mata hangar nan. Ka saki, ta koma huci. Shi ya sa duk safiyar Asabar, idan shirin labaran mako ya zo, masu wucewa sukan ga tsoho ya ajiye dutsen guga a tsaye, ya ɗaga hannu ya kama bakin hanga, ya karkata kunne, ya ƙame kamar ɗalibin da aka ba horo.

Wajibi ne a bayyana wa masu ta'aziyya dalilin wannan tsayuwa, don kada a ɗauka son ƙwallo ne. Mai guga bai san komai a ƙwallo ba. A wurinsa 'yan wasa wasu ƙarti ne da ke ɓata farin wando da gangan. Gem ɗin da yara ke bugawa a waya kuwa bai taɓa gani da idonsa ba. Abin da yake da shi ɗa ne guda, wanda aiki ya kai wani gari mai nisa, yake kira duk Asabar da rana. Lokacin da uwar yaron take da rai, ita ce mai wayar. Rabon uban bai wuce, "Kana lafiya? Ya aiki? To, ga mamarka." Da ta rasu, sai ya zamana babu wanda za a miƙa wa. Maza biyu suka riƙa numfashi a kunnen juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. Ba rashin ƙauna ba ne. Akwai mutanen da Allah ya cika musu zuciya bai ba su baki ba, kuma ɗan ya gado uban tsaf.

Aku ce ta ara musu baki. Wata Asabar ta ce, "A fagen ƙwallo kuwa, an sallami kocin bayan shan kashi a jere." Da rana da waya ta yi ƙara, tsoho ya rufe ido ya jefa, "Na ji an kori kocinku." Sai ga yaron da ba ya haɗa jimla biyu ya ɓalle da bayani kamar an kwance famfo. Uban ba abin da yake yi sai saka "assha" da "ka ji fa" a inda yake zaton sun dace. Wani lokaci yakan kuskure. Akwai ranar da ya taya shi murnar wasan da aka lallasa su, yaron ya yi dariya har da tari, dariyar da uban bai sake ji ba tun kafin rashin. Ya ajiye waya ya goge riga ɗaya sau biyu don daɗi.

Daga nan marigayiya ta ɗauki nauyin gidan gaba ɗaya. Idan ta kawo labarin sabon gem, na jikarsa ne, wadda takan fizge wayar ta ce, "Kaka, ba haka ake faɗin sunan ba," sannan ta zauna ta koya masa yadda ake tsallake dodon mataki na ƙarshe, shi kuma ya yi alkawarin kiyayewa. Idan aka zo sashen girki, ya tsinto wa surukarsa wata dabara, ko ta hana albasa sa hawaye, ko ta ceto miyar da gishiri ya yi wa yawa, ta yi godiya cikin ladabi duk da ta riga shi sani. Labarin mawaƙa da 'yan fim, wa ya rabu da wa, wannan na mai kantin gefe ne, mace mai son jin ƙwaƙwaf. Sau ɗaya kawai Aku ta ɓata masa rai, ranar da ta ba da labarin wata na'ura da aka ƙera mai goge kaya ta ninke da kanta. Ya saki hanga, ya ƙi kula ta har azahar. Da ya kai ƙara wurin ɗansa, yaron ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Ba a yi injin da zai iya wuyan riga kamarka ba." Wannan maganar har yanzu tana nan a ajiye inda ruwa ba ya taɓa ta.

Game da jinyar ƙarshe, iyalan marigayiya sun ga ya dace a faɗi gaskiya, tunda ƙaurin ya riga ya kai har bakin titi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to wannan mai ɗakin bai sani ba. Bututun mutanen sama ne ya tsage a ranar da shago yake rufe, ruwa ya bi silin ya yi ta ɗiga a kan kanta. Da safe ya tarar da ita zaune cikin ruwa. Ya kunna ta, ta yi wani kurkure kamar mai wanke maƙogwaro. Wani zai cire batir ya shanya ta a rana ya jira. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana korar danshi hanya ɗaya ya sani. Ya kwantar da ita rub da ciki a kan teburi, ya lulluɓe ta da farin ƙyalle mai tsabta irin wanda yake sa wa siliki, ya rage wutar dutse zuwa ƙarshe, ya shiga bin bayanta a hankali. Ya bar ta a kunne don ya ji lokacin da za ta farfaɗo. Ta kuwa ɗan farfaɗo, murya ta fara fita, shi kuma da ya ga magani na ci, sai ya ƙara wuta zuwa ta auduga. Garin neman gira aka rasa ido.

Kalamanta na ƙarshe tallan sabulu ne. Ta ce, "…yana fitar da datti ko da ya…" ba ta ƙarasa ba. Da ya ɗaga ƙyallen, bayanta ya lotsa ya manne da 'yan hanjinta. Ya naɗe ta a tawul ya kai wa mai gyara, wanda ya juya ta, ya shinshina, ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Ya dubi hannun tsohon, ya dubi rediyon, ya ce, "Baba, wannan ba ta gyara ba ce, sai haƙuri." Ya ƙara da cewa a duk gawarwakin da aka taɓa kawo masa bai ga mai santsin baya kamarta ba.

Ana godiya ga mai kanti, wadda ta ara masa tata rediyon ranar Asabar da ta wuce, sabuwa fil, mai murya garau, ba tari ba huci. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. Da yake ita ba ta bukatar a riƙe mata komai, hannuwan mai guga suka ga ba su da aiki, suka koma kan dutse da kansu, hankali ya bi hannu. Har aka yi sallama a shirin, riguna sun taru a goge, kai kuma fayau. Ya tuna an ambaci wata ƙungiya da wata sabuwar waya, amma wa ya ci wa, ko me wayar take yi, ko oho.

Da rana yaron ya kira. Tsoho ya tambayi lafiya, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen gida. Aka amsa masa. Sai shirun nan na da ya dawo ya zauna a tsakaninsu. Yana jin yaron na jira, yana jiyo muryar jikarsa can nesa ba ta matso ba. Ya so ya ce Aku ta mutu, kunya ta hana shi. Can yaron ya ce, "To Baba, na ji kamar aiki ya yi maka yawa. Sai an kwana biyu." Tun da aka fara wannan kira, da "sai Asabar" yake rufewa. Mai guga ba ya ɓoye wa jama'a cewa tsoro yake ji. Ya san yadda zumunci yake mutuwa, ba da faɗa ba, da "sai an kwana biyu."

Marigayiya ta rasu ta bar sababbin batura da ba ta kai ga sha ba, da hangar ƙarfe da ba ta ƙara moruwa ga riga, da fanka mai kaɗa kai wadda yanzu ita kaɗai ke motsi a shagon. Ta bar dutsen guga, wanda ake roƙon kada a riƙa yi masa kallon banza, don aike shi aka yi. Ta bar wani ɗan fili mai tsabta a kan kanta, daidai girmanta. Ta kuma bar tsoho guda, wanda har yanzu idan ya buɗe shago hannunsa kan miƙa sama kafin ya tuna.

Za a yi mata sutura da wata rigar matashin kai da mai ita bai dawo karɓa ba, an wanke an goge. Za a sa ta a kwalin takalmi, a kai ta makwancinta ƙarƙashin teburin guga, daga ciki, inda ƙafa ba ta kaiwa. Mai gyara ya nemi a ba shi sifikarta don ceton wata, iyalai sun ce a bar ta ta tafi da muryarta.

Zaman makoki a shago ne, daga buɗewa zuwa rufewa, har safiyar Asabar. Ba a bukatar abinci ko wata gudummawa. Wanda ya zo, ya taho da labari ɗaya, na ƙwallo ne, na gem ne, na girki ne, ya faɗa a hankali, ya kuma tabbata ya karɓe dutse daga hannun mai makoki kafin ya fara.

Roƙo na ƙarshe ga duk wanda yake da lambar ɗan mai guga: don girman Allah kada ya riga uban sanar da shi wannan rashi. Shi ne labari ɗaya da tsohon yake da shi wanda ba aro ya yi ba. Ya gwada bayar da shi ga fanka, ya gwada ga bango, duk ta inda ya ɗauko, da ranar da mamar yaron ta shigo da rediyon a hammata yake farawa, ita da ba su taɓa ambata a waya ba tun da aka binne ta. Idan wayar ba ta yi ƙara ba ranar Asabar, shi zai kira, abin da bai taɓa yi ba.

Saboda haka za a rufe ƙofar shago ranar Asabar ɗin da rana. Mai kaya ya yi haƙuri ya ajiye wurin mai kanti. Idan kuma aka ga ƙofar ta daɗe ba a buɗe ba, kada a ƙwanƙwasa. Abin da ake fata ke nan.