An Ɓoye Mu a Bayan Katanga Ranar Matasa

Jama'a, ranar Litinin da ta wuce tayar babur ɗina ta yi faci a bakin tashar garinmu, nan gaba da Makoda. Na turo shi wajen Usaini mai faci, saurayin da ya dawo gida bara bayan an rushe masa rumfa a birni. Ya cire tayar ke nan sai ga wasu ƙarti masu baƙin gilashi.

"Kowa ya tashi! Babban Baƙo na tafe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane baƙo?"

"Mai Girma Sarkin Almakashi. Zai buɗe Ranar Tallafa wa Matasa."

"To ai ga matasan nan."

Ya dubi Usaini da baƙin man da ke rigarsa, ya ce, "Ba irin waɗannan ba. Za su ɓata hoto."

Haka aka kora 'yan dako, da masu wankin babur, da masu tallan rake, aka kai su bayan katangar tasha. Ni ma da furfurata aka haɗa da ni. Allah Ya saka musu da alheri, rabon da a lissafa ni cikin matasa tun kafin in yi aure.

Muna tsugune a rana sai ga Juwairiyya, 'yar maƙwabcina, ɗalibar da ke karatu a Bici. Shekara guda ke nan tana bin samarin tasha da wayarta tana ɗaukarsu suna aiki, har ubanta ya taɓa tambayata ko wannan ma karatu ne. Ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, kada kowa ya motsa." Ta ja da baya ta ɗau hoto. Mu a ƙasa jere kamar buhunan gyaɗa, a samanmu kuma, ta kan katanga, ga ƙyallen taro yana cewa MATASA SU NE GABA.

Can ciki kuwa ana ta tafi. An sauko da wasu yara masu ƙyalli daga mota, kowa da farar riga, sun riƙe keken ɗinki an ɗauke su hoto, aka mayar da keken mota.

Wani mai baƙin gilashi ya hango Juwairiyya. "Ke! Goge shi, ko in fasa wayar."

Ta ƙanƙame wayar. Ni dai, ba na ɓoye muku, ƙasa na duba. Usaini ne ya miƙe.

"Yallaɓai, a bar mana shi. Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa neman hotona sai na katin zaɓe."

Sauran ma suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya ƙirga su da ido, ya tuna ana nemansa a ciki.

Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin gari har birni. Mahaifiyar Usaini ta sa an wanko mata shi, ta manna a ɗakinta.

Kada ku ce manya ba su ji ba. Sun ji, kuma sun ɗau mataki cikin gaggawa, abin da ba mu saba gani ba. Jiya aka sauke bulo, za a ƙara wa katangar tsawo, don nan gaba kada a sake ganin mu da ƙyallen a hoto ɗaya. Samarin tasha aka ɗauka leburanci.

To, masu cewa ba a samar wa matasa aikin yi, sai ku ji tsoron Allah.