Rasuwar Na-Dama, Takalmin Malam Almu Wanzami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan Malam Almu wanzami, mazauna bayan kasuwar Ƙanƙara, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abin ƙaunarsu, Na-Dama, wato ƙafar dama ta takalmin tayar nan mai faɗi, wanda duk mutumin da ya taɓa sunkuyar wa Malam Almu da kai don aski ya san shi ido da ido. Ya rasu ranar Talatar makon jiya da hantsi, a cikin madafar gidan, bayan gajeriyar jinya da wani tsautsayi da za a yi bayaninsa a ƙasa, idan mai rubutu ya iya daurewa.

An haifi marigayin a kasuwar 'Yankara, a shekarar da ba wanda ya riƙe, a hannun Ɗanhausa mai yankan taya, wanda shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Marigayin ɗan babban gida ne, domin asalinsa tayar baya ce ta wata babbar mota da ta ƙarar da ƙuruciyarta a jigilar masara. Allah ya yi wa Malam Almu ƙafa mai faɗi kamar faifai, wadda ba takalmin kanti da ya taɓa karɓarta da daɗin rai. Ɗanhausa ya sa shi ya taka tayar, ya zagaye ƙafar da gawayi, sannan ya ƙara faɗin yatsa a kowane gefe. Da Malam Almu ya yi ƙorafi cewa abin ya yi muni, sai ya gaya masa cewa mai yawon ƙauyuka ba kyau ya kamata ya nema ba, abin da zai kai shi ya dawo da shi ya kamata ya nema. A dunduniyar na daman akwai wani rami da ƙusar titi ta bari tun tayar na raye. Ɗanhausa ya toshe shi da tsohon kwabo mai huji, ya buga ƙusa ta tsakiya. Daga nan marigayin ya samu muryarsa. Ɗan uwansa Na-Hagu in ya sauka ƙasa cewa yake “faf”, shi kuwa ya amsa da “ƙyas”. Faf, ƙyas. Faf, ƙyas. Haka suka yi ta hira tsakaninsu har ƙarshen rayuwa, ba a taɓa jin sun yi saɓani ba.

Marigayin ya yi rayuwa ta hidima. Wanzamin ƙauye ba ya zaɓen hanya, duk inda aka yi haihuwa ko ake son ƙaho nan zai rataya zabira ya nufa, kuma ƙasar nan tamu ba iri ɗaya ba ce. Akwai rairayin rafi da ke haɗiye siririn takalmi har idon sawu, marigayin kuwa bisa kansa yake bi saboda faɗinsa. Akwai taɓon fadamun Sabuwa da damina, wanda ya cinye silifa ba adadi, ya bar masu su suna lalube da hannu, amma bai taɓa raba Malam Almu da nasa ba. Akwai duwatsun Faskari masu santsi da safe, masu ƙuna da rana. Akwai tsakuwar hanyar Damari da ƙayar da ke labe a cikin ciyawa. Duk ya taka su bai taɓa kai ƙara ba.

An sha yin gardama a kansa a majalisar bakin masallaci. Malam Hadi mai shayi, wanda ke sa takalmin ruwa mai dogon wuya, ya dage cewa nasa ya fi a taɓo. Gaskiya ne, amma da bazara dafa masa ƙafa yake yi, har in ya cire sai mutane su tuna suna da uzuri a gida. Masu silifa suka ce nasu ya fi sauƙin ɗauka, kuma haka ne, shi ya sa iska ma take ɗauka. Mai sau-ciki ya ce nasa ya fi fita kunya a gidan biki, ba wanda ya musa, sai dai an taɓa ganinsa a bakin rafi ya rungume shi a ƙirji yana tsallakawa ba takalmi. Kowanne gwani ne a ƙasa guda. Malam Almu kuwa yakan miƙa ƙafa ne kawai a tsakiyar majalisa, ya bar marigayin ya yi wa kansa bayani.

Ba za a ɓoye aibinsa ba, domin shi ma ɗan taya ne, ajizi. Yana da nauyi. Yana baƙanta tafin ƙafa. A kan siminti mai ruwa ba shi da amana ko kaɗan, ya taɓa zaunar da maigidansa a gaban jama'a a barandar wani asibiti. Iyalai sun yafe masa wannan tun yana raye, suna roƙon wanda ya taɓa taka wa yatsa a sahun fita masallaci shi ma ya yafe.

Babban aikin da za a riƙa tuna shi da shi ya faru ne a shekarar da mutanen ƙauyensu, can gaba da 'Yargoje, suka tashi ba shiri. Ba sai an faɗi dalili ba, kowa a ƙasar nan yana da irin wannan shekarar a cikin gidansa. A lokacin idon Inna Hajaratu, matar Malam Almu, ya riga ya fara rufewa. Da suka iso rafi ruwa ya kawo, ya goya ta a baya ya shiga. Ranar marigayin da ɗan uwansa nauyin mutum biyu suka ɗauka, a kan laka da duwatsun da ba a gani, kuma ba wanda ya zame a cikinsu. Ba su fito da komai daga gidansu ba sai zabira da wannan takalmi.

Bayan sun zauna a Ƙanƙara idon ya ƙarasa rufewa, ya bar mata kunne. Kunnen kuma bai manta da takun da ya ji a ranar tashi ba. Duk sawun da ba ta sani ba in ya doso zaure, sai ta saki abin da ke hannunta ta nemi bango. An yi addu'a, an yi rubutu, an karɓo magani, abin ya ragu amma bai tafi ba. Abu guda ne ke kwantar mata da hankali. Tun daga kan kwana take jiyo shi, faf, ƙyas, faf, ƙyas, sai ta gyara ɗaurin kallabi ta jawo kwanon ruwa, kafin ya yi sallama ta riga ta fara yi masa faɗan daɗewa. Maƙwabta sun shaida cewa ba a taɓa jin faɗa mai daɗin wannan ba. Saboda haka ne Malam Almu ya ƙi duk takalmin da 'ya'ya suka aiko masa daga birni. Mutane suna cewa rowa ce ko taurin kan tsufa, shi kuwa ya bar su a haka.

Jinyar ta fara ne da tsinkewar maɗauri. Marigayin ya riga ya tsufa, ya siranta, zanen tayar ya shafe sarai, amma yana tashi yana fita aiki. Ranar Litinin da yamma maɗaurinsa ya tsinke a hanyar dawowa. Malam Almu ya ɗauko shi a hannu ya shigo da shi gida, ya cire ragowar maɗaurin don a sa sabo, ya rage daga shi sai fallen roba. Hadari ya haɗo. Saboda tausayi, kada majinyaci ya kwana a ruwa, ya shigar da shi madafa ya ɗora shi a kan itace. A nan kuskuren yake, kuma har yau Malam Almu bai yafe wa kansa ba.

Kowa ya san yadda ake yi da jiƙaƙƙen itace da damina. Sai an samu guntun roba an cinna masa wuta an tura ƙarƙashi kafin ya kama. Inna Hajaratu kuwa ba ta yarda kowa ya hura mata wuta, domin ta ce ranar da aka fara hura mata, ranar ta zama baƙuwa a gidanta. Da hantsin Talata, maigidan ya ari silifa ya tafi sayo maɗauri, ta lalubo kan itace, hannunta ya faɗa kan fallen roba, ta yi zaton wani mai hankali ne ya ajiye mata. Marigayin bai yi ƙara ba. Waɗanda suka ga hayaƙin daga waje sun ce baƙi ne ƙirin, ya miƙe sama bai karkata ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi wa iyalai ciwo. Malam Almu ya dawo da maɗauri a aljihu, silifar aro tana ta tas-tas a ƙafarsa. Warin roba ya tare shi tun a zaure, ya shiga da sauri ko sallama bai yi ba. Ya tarar da murhu na ci, tukunya na tafasa, ba kowa a tsakar gida. A bayan randa ya same ta, ta dunƙule, ta rufe kai da hannu biyu. Matar da ya goya ya tsallake rafi da ita ce take ɓuyar masa. Sai da ya kira sunanta ya sake kira kafin ta ɗago. Mai wannan rubutu maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba su, kuma ya rantse bai taɓa jin muryar Malam Almu ta karye ba sai ranar.

Bai gaya mata abin da ya shiga murhun ba. Ya ce mata takalmin yana wajen mai gyara, daga baya ya ce mai gyaran ya ce ba zai tashi ba. Ya bi gida gida yana roƙon kada wanda ya kuskura ya faɗa mata gaskiya, domin in ta san da hannunta ta yi, ba za ta sake kusantar murhu ba, kuma murhun ne ya rage mata. Washegari da ya ga ta shiga wanka ya tone tokar kaf yana neman kwabon, bai same shi ba. Salahuddeen mai gyaran takalmi ya kifa Na-Hagu a kan sabuwar taya ya yanko wani na daman, faɗi ɗaya, nauyi ɗaya, amma bebe ne. An buga masa murfin kwalbar lemo, ya yi wata ƙara mara mutunci. An gwada guntun langa-langa, shi ma haka. Yanzu tun daga kan kwana Malam Almu yake fara rafka sallama kamar mai tallan manja, duk da haka in ya shigo sai ya tarar da ita tsaye ta dafa bango.

Sakin layi biyun da ke biye, da kuma na ƙarshen sanarwar, ba na kunnen Malam Almu ba ne. Ba ya karatun boko, kuma ana roƙon duk wanda zai karanta masa wannan sanarwa ya tsallake su.

Shekaranjiya Inna Hajaratu ta aika a kira mata Adama, matar mai wannan rubutu. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro kwabon, ya yi baƙi, ƙusar tana nan a lanƙwashe a tsakiyarsa. Ita ta riga shi kwashe tokar. Ta damƙa wa Adama a tafin hannu ta rufe da nata.

“Ido na rasa, hancina lafiya lau yake,” in ji ta. “Tun kafin tukunya ta tafasa na san mi na ƙona. Ku bar shi da ƙaryarshi, don ni yake yin ta. A kai wanga a buga mashi a sabon.”

Marigayin ya rasu ya bar ɗan uwansa Na-Hagu, wanda tun ranar bai ce komai ba sai “faf”, ba mai amsa masa. Ya bar maɗauri sabo da bai samu sawa ba, da zabira abokiyar tafiyarsa, da ƙafar dama guda ɗaya mai faɗi, da tsofaffi biyu da kowannensu ke lallaɓa ɗan uwansa. Haka kuma ya bar sawunsa a rafuka da fadamun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ko da yake ruwan bana ya riga ya shafe mafi yawansu.

An tuntuɓi liman, ya ce ba a yi wa takalmi salla, kuma iyalai sun karɓi hukuncin ba gardama. Za a binne abin da wuta ta rage, ɗan dunƙulen da bai kai tafin hannu ba, gobe Alhamis bayan la'asar, a gindin zogalen bayan gida. Za a zauna karɓar gaisuwa a zaure. Ba a buƙatar kowa ya kawo takalmi, an gode, ba zai shiga ba. Ana roƙon masu zuwa su yi sallama tun daga nesa, su faɗi sunansu, masu takalmi mai nauyi su cire shi a kan kwana.

Yayin da maza ke wajen binnewa, an shirya da Salahuddeen zai ɗauke sabon takalmin daga bakin zaure ya buga masa kwabon, ya mayar da shi kusa da Na-Hagu kamar ba a taɓa shi ba. Idan Malam Almu ya sallami baƙi ya zura ƙafa zai shiga gida, ana roƙon jama'a su yi shiru, kada kowa ya bi shi. Daga zaure zuwa madafa ba nisa, kuma Inna Hajaratu ta ce tana nan zaune a bakin murhu, za ta jawo kwanon ruwa.