Yadda Za Ka Ci Ɗaukaka Ƙara Ba Tare da Ka Karanta Kundin Shari'a Ba

Ƙanena lauya, na ga ka shigo harkar ɗaukaka ƙara da sabuwar baƙar riga, gabanka yana faɗuwa. Kwantar da hankalinka. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki, kuma matakan da zan shimfiɗa maka duk na gwada su a kaina. In ka bi su sau da ƙafa, na yi maka alkawari za ka tsaya gaban alƙalai uku, ka yi magana ta minti ashirin, ka fito ana gaishe ka, alhali ba ka san abin da ke cikin kundin da kake rungume da shi ba.

Mataki na 1: Ka san kotun da ka shigo

A nan babu shaidu, babu kuka, babu rantsuwa. Duk wannan an gama shi a kotun ƙasa. Abin da aka faɗa a can an buga shi a takarda, an ɗinke wuri guda, shi ne kundin shari'a. Aikinka ka nuna wa manya inda alƙalin ƙasa ya kauce hanya. Abin da ba ya cikin kundi bai faru ba, ko da a gaban mutanen unguwa kaf aka yi shi. Matsalar kawai, kundi yakan kai shafi ɗari huɗu, kai kuma kana da iyali.

Mataki na 2: Ka tsufar da kundin

Sabon kundi mai sheƙi shi ke tona asirin lauya. Ka lanƙwasa bayansa. Ka naɗe kusurwar wasu shafuka. Ka sayi 'yan takardun nan masu launi da ake liƙawa, ka manna su a gefe duk inda hannunka ya faɗa. Ja ya fi ban tsoro.

Sai babban sirri. Ka buɗe tsakiyar kundin, ka ɗora kofin shayinka a kai, ka bar shi ya yi zobe. In ya ɗan zube, madalla. Duk wanda ya ga tabon zai ce bawan Allah nan ko karyawa ba ya yi sai a kan aikin mutane. Ni cokali uku na sukari nake sawa, tabon ya fi kama takarda.

Mataki na 3: Ka hana mai ƙara ba ka labari

Mai ƙara bai san bambancin kotun sama da ta ƙasa ba. Shi dai ya zo ne ya sake faɗar abin da aka yi masa tun daga farko. Ka tare shi tun daga bakin ƙofa.

Misali, akwai wata dattijuwa tela da na tsaya wa, kowa Inna yake ce mata. Shekara ashirin da shida tana ɗinki a shagon mijinta, da kekuna uku. Mijin, kafin ya rasu, ya bar ƙanensa ya zuba tayoyin sayarwa a ɗakin baya. Ana share makoki ƙanen ya ce shagon gaba ɗaya kyauta Yayansa ya ba shi, ita alfarma ya yi mata take zaune. Kotun ƙasa ta yarda da shi. In muka faɗi a sama, sai ta kwashe kekunanta, kuma shekarunta sun wuce na neman sabon wuri da sababbin masu kawo ɗinki.

Duk ranar Talata sai ta zo ofishina, tef ɗin awo a wuyanta, ta zauna ta maimaita magana ɗaya.

“Ɗan nan, da bakinsa ya ce aro. A gaban alƙali aka tambaye shi yadda ya shiga shagon, ya ce, lokacin da Yaya ya ara mini. Sai ya yi tari ya gyara. Da kunnena na ji.”

“Inna, in ba ya cikin kundi, bai faru ba.”

“To ka duba?”

Lura da nan sosai. Lauya nagari ba ya ƙarya. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Kundin na ɗaga, na buɗe mata wurin tabon shayi, na yi ajiyar zuciya. Ta dubi tabon, ta sa mini albarka, ta tafi.

Mataki na 4: Ka rubuta takardar hujjoji daga ƙarshe

Shafi goma na ƙarshe kawai za ka karanta, inda hukuncin yake. Daga nan ka tsamo dalilan ɗaukaka ƙara guda biyar, ka yi musu ado da manyan kalmomi. Kada ka manta da na biyar: “Alƙalin ƙasa bai auna maganar shaidu yadda ya kamata ba.” Wannan dalili babbar riga ce, kowace shari'a ka saka mata sai ta yi mata daidai.

Wasu za su ce ka gwada jawabinka a gaban iyali. Kada ka soma. Na taɓa gwadawa a gaban maiɗakina tana ninke kayan wanki. Ban kai rabi ba ta ce, “To a ina aka ce haka?” Madubi ya fi, ba ya tambaya.

Mataki na 5: Ka san alƙalanka

Na dama rubutu yake yi, ba ya ɗaga kai. Na hagu yana rufe ido, amma kada ka yarda barci yake. Na tsakiya shi ne abin tsoro. A bayan idonsa muna ce masa Wane Shafi, don duk maganar da ka yi, komai daɗinta, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce, “Wane shafi, lauya?”

Maganinsa mai sauƙi ne. Ka lashi yatsa, ka yi ta juya takardu da fuskar wanda ya san inda za shi, ka ce, “Zan dawo kan wannan, ya Mai Shari'a.” Kafin ka dawo lokacinka ya ƙare. Lauyan ɗaya ɓangaren ba zai tona ka ba. Kana ce masa masani, yana ce maka masani, kuma kowannenku ya san inda ɗan'uwansa yake ajiye kofi.

Mataki na 6: Kada ka bar kundi a hannun tela

Wannan shi ne matakin da na karya. Ranar sauraron ƙarar Inna, da safe, muna kan benci a barandar kotu muna jiran a kira mu. Na hango wani abokin aiki, na ce bari mu gaisa, na ɗora mata kundin a cinya.

Inna ba ta iya karatu ba, amma wanda ya yi shekaru yana awo ya san lambobi. Na dawo na tarar tana bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, tana motsa baki.

“Ɗan nan, a wajenku bayan ɗari biyu da sha uku, sha biyar ke zuwa?”

Na ce kuskuren mai bugawa ne, an saba. Ba ta saurare ni ba. Ta murza takardar tsakanin yatsu biyu, ta ce wannan ta yi kauri, ninki biyu ce. Ta zaro allura daga gefen ɗankwalinta, ta zura ta kusurwa, ta bi a hankali kamar mai farke ɗinkin da ba ta so ya ɓaci. Takardar ta rabu biyu. Daidai wurin zoben shayina ne. Wata takwas sukarina yana riƙe da shafi na ɗari biyu da sha huɗu.

Na karanta a tsaye. Layi na tara: “Lokacin da Yaya ya ara mini.” Magatakardan kotun ƙasa, Allah ya saka masa, har tarin ya rubuta.

Ta tambaye ni me aka ce a wurin. Na karanta mata. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Mayar da allurarta ta yi, ta ce, “To, alhamdu lillahi.” Kunyar da na ji a barandar nan ban taɓa jin irinta a gaban alƙali ba.

Mataki na 7: In ka samu shafin, kada ka nuna mamaki

Da aka kira mu na tashi, na ce zan bar dalilai huɗu na farko a yadda aka rubuta su, zan tsaya kan na biyar. Na ce mutumin da ke iƙirarin kyauta ya furta da bakinsa cewa aro ne, alƙalin ƙasa kuma ya tsallake wannan furuci ko kallonsa bai yi ba.

Tabarau ya sauko. “Wane shafi, lauya?”

“Ɗari biyu da sha huɗu, layi na tara, ya Mai Shari'a.”

Na hagu ya buɗe ido. Na dama ya ajiye biro. Su uku suka buɗe nasu kundin suka karanta. Masani ya tashi, ya lashi yatsa, ya ce zai dawo kan wannan. Na tausaya masa, don na san hanyar ba ta ɓullewa.

Wane Shafi ya dubi kundina, ya ga tabo da takardu ja, ya ce da ma matasan lauyoyi za su riƙa cin kundi irin haka. Na rusuna na yi godiya. Ban waiwaya bayana ba, don na san wadda ke zaune a can.

Bayan mako uku aka soke hukuncin kotun ƙasa. Shago ya koma hannun Inna, tayoyi suka fita.

Talatar da ta biyo baya ta zo ofis kamar yadda ta saba. Ta kawo mini ɗan ƙyalle mai kauri, zagayayye, ta yi masa baki da zare ja. Na tambaye ta na mene ne.

“Na ɗora kofi ne,” in ji ta. Ta miƙe, ta gyara tef ɗinta, sai da ta kai ƙofa ta juyo. “Ni ban iya karatu ba, ɗan nan, shi ya sa na kawo maka. Wanda zai zo bayana wataƙila ba shi da allura.”

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba ya ɗaukar alhakin komai. Duk wanda ya bi matakan nan aka kore masa ƙara, ko Wane Shafi ya sa shi zufa, ko maiɗakinsa ta yi masa dariya, ya kuka da kansa, kada ya zo ofishina. In ma ya zo ba zan samu ganinsa ba. Akwai kundi mai shafi ɗari shida a gabana, ina na tamanin da bakwai, kuma kowane shafi sai na murza shi tsakanin yatsu kafin in juya. Shayin yana can kan taga, bisa ƙyallensa, ya huce tun ɗazu.