Makarar da Ta Ƙi Fita Zaure

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da surukina ya rasu a Gumbin Kure, kuma Allah ya yafe mini, ba don kukan da aka sha ba. Saboda makara ce.

Lokacin Nasara bai daɗe da kafa bariki a Jega ba, ni kuma na koyi aikin katako wurin wani kafinta Banufe da ke yi masa tebur da kujeru. Kai, na ji kaina! Zarto a kafaɗa, ƙusoshi a aljihu, in na ga masassaƙi da gizagonsa har tausayinsa nake ji. Dangin matata kuwa ba su ɗauke ni a bakin komai ba. Yaron Nasara suke ce mini a bayan ido (wani lokaci ma a gaban idon). Abin yana cin raina, na ƙudura sai na yi abin da za su riƙa ambatona da alheri.

Makarar masallacinsu 'yar siririya ce ta gwangwala, an ɗaɗɗaure ta da igiya, duk ta tsufa. Sai na yi musu sabuwa sadaka, ta katakon maɗaci, faɗinta kamar gadon Bature, da ƙafafu, da dogayen hannuwa gaba da baya. Na ɗora katakan a jaki, na je na haɗa ta a gaban jama'a. Liman ya zagaya ta, ya ce, "Allah shi ba da lada." Bai ƙara ba. Ni kuma, wawa, na ɗauka mamaki ne ya rufe masa baki.

Wanda ya fara hawanta surukina ne. Ya cika da hantsi, cikin bazara, zafin da gawa ba ta jira.

Kun san irin zaurukanmu, na gidan surukina ma haka yake: ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, don kada mai wucewa ya hango matan gida. Dole mai shiga ya yi kwana. Da za mu shigar da makarar, sai muka karkata ta a gefe, ta shige sumul. Wallahi ko kaɗan ban tuna ba cewa in za ta fito, da mutum a kanta za ta fito.

Aka yi wa Baba wanka, aka sa shi a likkafani, muka ɗauka. Muna kai tsakiyar zaure ta cije. Hannuwan gaba sun tokari bango, na baya sun maƙale a ƙofar ciki. A ja, a tura, ƙasa tana zubo mana a ka. Wani ya ce a ɗan karkata, aka ɗan karkata, sai gawar ta zame, likkafani ya kwance ta ƙasa, ƙafar Baba ta fito. Wannan ƙafa mai faso, har yau ina ganinta.

"Subhanallahi! Ku tsaya!" in ji Liman daga waje.

Matan da ke kuka a cikin gida suka yi tsit. Da ma sun ci gaba, da ya fi mini sauƙi.

Garba, yayan matata, ya rufe ƙafar mahaifinsa. Aka sauke Baba a tabarma, aka mayar da shi cikin gidan da ya riga ya yi ban kwana da shi. Sannan Garba ya miƙo mini gatari.

"Kai ka yi ta," ya ce, "kai ka hidda muna ita."

Maɗaci ne fa, kuma ban yi rowar ƙusa ba. Na yi ta sara, zufa da hawaye sun haɗu, mutanen gari suna tsaye cikin rana. Sai da azahar ta gota sannan hanya ta buɗe. Aka ɗauko tsohuwar gwangwala, ta shiga ta fito da shi ko bango ba ta taɓa ba.

Matata ba ta yi mini faɗa ba. Bayan sadakar bakwai ne, tana tankaɗe, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Baba bai taɓa jiran kowa a ƙofar gidansa ba, sai kai." Mun yi shekaru tare bayan haka, amma ban sake tako zauren nan kaina a ɗage ba.

Tun daga ranar, ko turmi aka ce in yi, sai na fara zuwa na ga inda zai zauna da ƙofar da zai bi. Kuma na bar wa 'ya'yana wasiyya: ranar tawa, kada kowa ya yi mini gwaninta.