Ranar da Na Koya wa Baffa Dara

A gasar ƙwallon kwamfuta da matasa suka shirya a Kazaure, ni na kafa teburin dara a gefe, ina shelar yau za su ga wasan masu hankali. Sai aka ɗauke wuta, kowa ya dawo kaina.

Wani dattijo daga Gwiwa, wanda ya biyo ɗansa kallo, ya zauna gabana.

"Baffa, kada ka ji tsoro," na ce. "Ka jera uku, ka ci ɗaya. Zan bi ka a hankali."

"To, Malam, Allah ya saka da alheri."

Wallahi ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ɗan dara guda yake turawa ya dawo da shi, kowane motsi sai nawa ya tafi. Har wuta ta dawo, babu wanda ya waiwayi kwamfuta.

Da ya share ni tas, wani ya raɗa min, "Ai daga Nijar ake zuwa kallon wasansa."

Baffa ya miƙe ya ce, "Na gode da karatu."

Har yau in na wuce tasha, masu babur sai su ɗaga murya: "Malamin Baffa, yaushe za a koma aji?"