Abin da Nomau Ya Kai Tudu

A Kwarin Maje, wani ƙauye da ke bakin gulbi, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ƙaƙƙarfa ne, ba ya ƙarya, ba ya faɗa da kowa. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga baki haka yake ɗaukarta, ba ƙari, ba ragi. Gidansu ɗaki biyu ne da rumbu, can ƙarshen gangare. A da su uku ne. Shekarar da ruwa ya ci unguwar, uwarsa ta danƙa masa igiyar akuya ta ce, "Riƙe, kada ka motsa sai na dawo." Ta koma ciki ɗauko hatsi, bango ya faɗa mata. Nomau bai motsa ba. Sai ya rage shi da ubansa, Malam Arzika, tsoho makaho, wanda ƙafa ma ta fara ƙi masa. Duk sanda hadari ya haɗo, Nomau kan zauna bakin ƙofa, ya dubi gulbi, ya waiwayi tsohon.

Wata rana 'yan wata ƙungiyar agaji suka zo daga birni, tare da wata malama mai suna Rakiya, don su koya wa mutane abin da ake yi kafin ambaliya. Da aka nemi masu aikin sa-kai, Nomau ne ya fara ɗaga hannu. Cindo, ƙanen maigari, wanda aka ba shugabanci, ya yi gyaran murya ya ce, "Malama, wannan fa…" Ta ce, "Ƙarfi muke nema, a ba shi riga." Aka kuma raba wa kowane gida fitilar sola. Ta ce, "Da rana ku bar ta inda rana take, in duhu ya yi ku kunna ta a gida." Da safe Nomau ya ajiye tasu a tsakar gida. Inuwa ta cim mata, ya hau da ita kan danga. Inuwa ta hau dangar, ya fita da ita fili. Haka ya yi ta bin rana yamma, ya wuce gonaki, ya wuce makabarta, har ta faɗi ta bar shi a bayan wani ƙauye. Ya dawo yana tuntuɓe, fitila a hannu, bai kunna ba, don an ce a gida ake kunnawa. Ya tarar tsoho bai sa komai a bakinsa ba tun safe. Ya danna fitilar ya ce, "Baba, ga haske." Malam Arzika ya ce, "To, madalla. Akwai tuwo a cikinsa?"

Wata rana aka yi gwajin ɗaukar wanda ya ji rauni. Aka zaɓi Nomau ya zama majinyaci. Malama Rakiya ta ce, "Kwanta nan gindin dorawa, kada ka tashi sai an zo an ɗauke ka." Ana cikin shiri aka kira azahar, bayan salla aka kawo abinci, bayan abinci motar baƙi ta tashi. Kowa ya watse. Yayyafi ya sauko, cinnaku suka hau shi, bai tashi ba. Sai wajen la'asar sakaliya tsoho ya yi ta ƙwala kira ta kan danga, har maƙwabta suka fita nema. Cindo ya same shi jiƙe sharkaf, ya ce, "Kai, me kake yi a nan?" Nomau ya ce, "Ba a zo an ɗauke ni ba." Samari suka kwashe da dariya. Cindo dai bai yi ba.

Wata rana aka kafa wani dogon itace a bakin gulbi, aka shafa masa jan fenti kusa da kai. Malama ta ce, "Ranar da ruwa ya taɓa jan nan, mun shiga uku." Maganar ta zauna wa Nomau a rai. Da damina ta yi nisa, ya ga saura ɗan kaɗan, sai ya tumɓuke itacen, ya saɓa a kafaɗa, ya kafa shi a ƙofar masallaci, inda ruwa bai taɓa zuwa ba. Cindo ya je duba ruwa, ya tarar da rami. Ya ce, "Uban wa ya sa ka?" Nomau ya ce, "Yaya Cindo, yanzu ai ba zai taɓa shi ba." Nan take aka karɓe rigar. Ya ninke ta da kyau, ya miƙa da hannu biyu. Da ya gaya wa ubansa, tsohon ya ce, "Bar su. Da ma zafi gare ta."

Wata rana labari ya zo cewa za a saki ruwan dam daga sama, ana sa ran isowarsa jibi. Mai shela ya zaga gari yana cewa, "Duk abin da ba ku so ku rasa, ku kai tudun makaranta yau! Abin da aka kai, kada a dawo da shi sai an ce!" Mutane suka yi ta jidar buhuna, da keken ɗinki, da katifu. Nomau ya tsaya tsakar gida ya dubi rumbu, ya dubi ɗaki. Sai ya durƙusa ya goya ubansa. Ya kai shi aji, ya zaunar da shi tsakanin buhunan gero. Mata suka riƙe baki. Wani ya ce, "Nomau, mudu nawa ne wannan buhun?" Tsoho ya fusata ya ce, "Mayar da ni gida, ni kaya ne?" Nomau ya ce, "An ce ba a dawowa da shi, Baba." Ya zauna a bakin ƙofa ya tare.

Ruwa bai jira jibi ba. A ranar, tsakanin azahar da la'asar, ya shigo, mutane sun koma gidajensu suna hutawa. Masu ƙafa suka gudu. Gangare kuwa ya tafi duka. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Tabawa, wadda 'ya'yanta suka kwashe mata kaya tsaf, suka ce ita sai gobe da safe. Ba a same ta ba.

Da magariba tudu ya cika da mutane, kowane gida ya kunna fitilarsa, ana kuka ƙasa-ƙasa. Lungun su Nomau ne kawai babu haske. Malam Arzika ya ce, "Geron fa?"

"Yana gida."

"Fitilar?"

"Tana gida."

"Gidan fa?"

Nomau ya dubi gangare. Tsoho ya lalubo hannunsa ya ce, "To me ka fito da shi?"

Ya ce, "Abin da aka ce, Baba."

Malam Arzika ya buɗe gefen mayafinsa ya ce, "Matso nan. Akwai sanyi."